Akwati a Ƙarƙashin Jirgin Auta

Litinin, 27 ga Oktoba, 2025

Tun da aka kwashe gero daga gonakin bayan gari, jirgin Auta bai huta ba. Kullum da sanyin safiya yana can da rimot a hannu, yaran Kademi na biye da shi. Jirgin nasa ne tun daga hanci har jela. Shi ya yanka farin soson nan mai tauri da ake kare firji da shi a cikin kwali, ya goge shi da sanfefa har siffar fiffike ta fito, ya zura masa ƙashi na katako, ya lulluɓe shi da salatif. Injin lantarki da batir da rimot kawai ya saya, da kuɗin gyaran waya da yake tarawa. Daga bakin wannan fiffike zuwa wancan mita 2 ne. Ba ya ɗaukar mutum, amma yana tashi, yana juyawa, yana dawowa inda aka ce ya dawo. Yaron da ya yi shi bai taɓa taka filin jirgi ba.

Bayan la'asar ya shigo zaure da jirgin a kafaɗa, da wata robar abinci mai murfi a ɗaya hannun.

"Baffa, but nake so in yi masa."

Na tambaye shi me zai ɗauka. Ya ce magani. A daminar bana da fadama ta cika, ƙauyen kakarsa ta wajen uwa ya yanke daga gari. Babur ba ya haurawa, mai ƙafa sai ya tuɓe ya ɗora kaya a ka. Tsohuwar ta kwanta da zazzaɓi, maganin kuwa yana aljihun Auta, yana tsaye a bakin ruwa yana hango rimin ƙofar gidansu. Allah ya tashi kafaɗunta, amma abin bai bar ransa ba.

Ya riga ya zaɓi wuri: bayan fiffike, inda jikin jirgin ya fara sirancewa, don nan ne babu waya babu batir. Ya ɗaure robar da tsagin tub ɗin keke, ya zuba mata yashi. Na ce ya sa yatsa ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, daidai inda ya saba tallafa shi, ya ɗaga. Jela ta faɗi, hanci ya kalli rufin zaure.

Na ce, "Ɗana, da ka tashe shi a haka, da yanzu tsintar soso muke yi a gonar mutane. Kwance robar nan. Gobe sikeli za mu nemo."

Na yi shekaru ina gyaran ƙananan jirage a Kaduna, kuma tun da ya fara wannan aiki ban sa masa baki ba, domin na ga hannunsa na koya masa. Amma kaya wani babi ne. A nan zan zauna da shi.

Talata, 28 ga Oktoba

Mun aro sikelin lantarki wajen mai sayar da iri da maganin feshi, da lebur wajen wani magini. A ɗaki muka yi aikin, ƙofa a rufe, domin ko iskar da ba ta isa kaɗa labule ba, in ta bi ta kan fiffike sai sikeli ya yi ƙarya.

Jirgin da batirinsa kilo 2.4. Batir shi kaɗai rabin kilo. Faɗin fiffike daga gaba zuwa baya santimita 30. Sai muka nemi cibiyar nauyi, wurin da in ka tallafi jirgin zai tsaya daram, bai rinjaya gaba ba bai rinjaya baya ba. Ta faɗo a santimita 9 daga bakin fiffike na gaba, wato kashi 30 cikin 100 na faɗinsa. Na tambaye shi wa ya ce ya sa ta a nan. Ya ce babu kowa. Batir ya dinga matsarwa gaba da baya har jirgin ya daina yi masa gardama a sama. Ga miƙaƙƙen fiffike irin wannan, abin da aka koya mana shi ne tsakanin kashi 25 zuwa 33. Ya samo da hannunsa abin da mu aka rubuta mana a allo. Daɗin da na ji bai ɓoyu ba, har ya sunkuyar da kai.

Jirgin da ke ɗaukar mutum ma haka ake yi masa, sai dai ba a kan yatsa ba. A tura shi cikin rumfa, a ɗora kowace taya a kan sikelinta, a daidaita shi da lebur, a auna nisan kowace taya daga wani layi da aka tsayar, a ninka nauyi da nisa, a tara, a raba. Duk ranar da aka ƙara masa wani abu mai nauyi, ko da rediyo ce, sai an gyara lissafin an sa hannu. Na sa Auta ya buɗe sabon littafi ya rubuta lambobin yau a shafin farko, da kwanan wata.

Laraba, 29 ga Oktoba

Yau alli ne da bangon zaure. Akwati da abin ɗaure shi gram 200, kayan da yake son ɗauka gram 600, jimla 800. Inda ya ɗaure robar shekaranjiya santimita 20 ne bayan cibiya. A ninka 800 da 20, a raba da sabon nauyin jirgin, gram 3,200: santimita 5. Cibiya ta tashi daga 9 ta koma 14, kusan tsakiyar fiffike. Na bar shi ya sake lissafin da kansa har ya gamsu cewa alli da yatsunsa abu ɗaya suka faɗa.

Na daɗe a kan dalilin da ya sa nauyin baya ya fi na gaba haɗari, domin in ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin. Jirgin da ya ɗan rinjaya gaba, in iska ta ɗaga masa hanci, da kansa yake sauke shi. Yana da nauyin hannu, yana cin titi kafin ya tashi, amma yana jin magana. Wanda ya rinjaya baya kuwa, in hanci ya ɗaga sai ya ƙara ɗagawa, gudu ya ragu, iska ta suɓuce daga saman fiffike, ya faɗo, jela kuma ba ta da ƙarfin dawo da shi. Mai jaki ya san wani abu daga wannan ilimi: ba ya cika mangala gefe ɗaya, in kuma ta zame zuwa ƙugu sai ya tsaya ya gyara ta. Shi jirgi ba shi da inda zai tsaya a gyara masa.

Daga nan na ba shi labarin Air Beetle. Yawancin matasa ba su san cewa jirgin da sojojin saman Najeriya suka yi shekaru suna koyon tuƙi da shi a Kaduna asalinsa jirgin haɗin gida ne ba. Wani Ba'amurke, Richard VanGrunsven, shi ya zana shi a jihar Oregon. Kamfaninsa, Van's Aircraft, yana sayar da jirage gunduwa-gunduwa a cikin akwatuna, mutum ya haɗa abinsa a garejin gidansa. Samfurin RV-6A ne kamfanin AIEP na Kaduna ya ɗauko, ya yi masa gyare-gyare har ya iya shan man mota. Na gwaji ya tashi a 1989, aka yi odar guda 60. Kujera biyu gare shi kafaɗa da kafaɗa, wurin kaya a bayan kujerun. Wurin yana da faɗi, ido zai ce maka ya ci buhu, amma mai zanen RV-6 ya ƙayyade fam 60, wajen kilo 27. Ga wani abin kuma: tankokin mai suna ɓangaren gaba na fiffike, saboda haka yayin da mai ke ƙonewa cibiya tana ja da baya. Jirgin da ya tashi daidai yana iya zuwa sauka da jela mai nauyi. Matuƙi mai hankali lissafi biyu yake yi, na tashi da na sauka.

Auta ya ce, "To Baffa, in ba baya ba, ina kuka ga za a sa?"

"Ƙarƙashin cibiya. Daidai ƙarƙashinta. Kayan da ke nan, a cika ko a zazzage, ba sa matsar da komai."

Cikin jirgin a wannan wuri cike yake da wayoyi da mazaunin fiffike. Ke nan akwatin dole ya fito waje, ya rataya a ƙarƙashin ciki.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Wuri ya samu, saura siffa. Robar abincin ba za ta yi ba. Gabanta a miƙe yake, bayanta a datse. Iska ta daki gaban, ta rabu biyu, ta kasa haɗuwa a baya, sai ta bar ƙananan guguwa suna jan jirgin. Auta ya ɗauka tsinin gaba ne ke yanka iska. A gudun irin wannan jirgi bayan ya fi gaban muhimmanci: gaba ya zama zagaye, baya ya tafi yana sirancewa sannu a hankali. Abu biyu masu kauri ɗaya, ɗaya mai kusurwa ɗaya mai wannan siffa, turjiyar na farko tana iya ninka ta na biyu sau goma. Turjiyar kuma ba ta bin gudu ƙafa da ƙafa. Ka ninka gudu sau biyu, ita ta ninka sau huɗu.

Da farko bututun famfo na inci 4 ya so, amma da muka ɗora guntunsa a sikeli, shi kaɗai ya cinye fiye da rabin abin da muke son ɗauka. Ya fita bai ce komai ba, ya dawo da gorunan ruwa biyu na lita ɗaya da rabi. Muka yanke gindinsu muka zura ɗaya cikin ɗaya. A gaba muka cire wuyan muka rufe da rabin ƙwallon roba ta yara. A baya muka bar kafaɗar gorar yadda take, muka ƙara mata tsinin soso. Tsawo santimita 50, kauri 9, nauyi bai wuce gram 100 ba. Wannan dabara tasa ce, ni ban yi tunaninta ba.

Da dare na nuna masa hoton Cessna Caravan a waya, jirgin nan mai farfela ɗaya da ake kai kaya da shi ƙananan filaye a Afirka da Alaska. Dogon samfurinsa yana da akwati manne a ƙarƙashin ciki, mai cin fam 1,090, kusan rabin tan. An raba shi ɗaki huɗu, kowanne da iyakar nauyinsa. Injiniyoyin kamfani ne suka zana shi, suka goge masa kowace kusurwa, duk da haka yana rage wa jirgin gudu da wajen kilomita 18 a awa. Na ce masa ya sa rai shi ma zai biya, kuma da batir zai biya.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Bayan an sauko daga masallaci wani ma'aikacin lafiya, abokin mahaifin Auta, ya biyo mu gida ya ga jirgin. Tambayarsa ta farko allurar rigakafi. Na ce, "A'a, Malam. Kai ka fi ni sanin tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, gorar roba a rana kuwa zafi take tarawa." Ya yarda nan take. Muka zauna muka lissafa abin da zai yiwu: ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, kowanne gram 20 da ɗoriya, ƙwayar zinc, ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, abin gwajin jini na yatsa. Rabin kilo na irin waɗannan ya ishi gidaje da dama.

Shi ya kawo zancen Zipline, kamfanin da ya fara kai jini da jirage marasa matuƙi a Ruwanda a 2016, ya zo jihar Kaduna a 2022. Irin jiragen da suka kawo ba sa ɗaukar abin da ya kai kilo 2, kuma ba sa sauka inda aka aike su. Cikin jirgin ne ke buɗewa, ƙunshin ya sauko da 'yar lema. Na ga Auta ya bar abin da yake yi ya kasa kunne.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ba mu taɓa jirgin ba yau. Mahaifinsa ya tafi da shi cirar gyaɗa. Ni kuwa na wuni da tunanin ranar. Shekara 100 ke nan cif da saukar jiragen sama na farko a Kano. Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman ɗan Maje Karofi, jirage uku na sojan saman Ingila samfurin DH.9A suka sauka a filin wasan dawakai. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso, suka biyo ta Sudan da Fort Lamy, wadda yau ake kira Njamena, jagoransu Arthur Coningham. Jiragen katako ne da zane. Duk wanda ya ga hotunan irin wannan samfuri a hamadar Iraƙi ya ga tayar safaya ɗaure a jikinsa, da salkar ruwa, da ƙarin tankin mai a ƙarƙashin fiffike. Matsalar da muke fama da ita a zaure ta girmi kowa a garin nan: ƙaramin jirgi, doguwar buƙata, babu wuri a ciki.

Na kuma tuna Mubarak Muhammad Abdullahi. A 2007, yana ɗan shekara 24, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur, ya sa masa injin Honda Civic. Wata takwas ya yi yana aikin, kuma abin ya ɗaga har wajen ƙafa 7. Jaridun duniya sun buga hotonsa, mu ma mun yi alfahari da shi. Tun daga lokacin, ba a daɗewa sai an ga wani yaro a Facebook ya ƙera jirgi, a taru a tafa, a ce a taimaka masa, mako ya zagayo a manta.

Tafin ba laifi ba ne, amma abin da ke ci mini rai shi ne ba na ganin mai tambayar yaran nan nawa jirgin ya auna, ina cibiyarsa, me aka ɗora wa fiffiken kafin a yarda da shi. Wannan ilimi ba ya nesa. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya tana nan tun 1964. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil, a kan hanyarmu ta zuwa birni. Tsofaffin makanikan jirgi irina suna warwatse a garuruwa, suna zaune a ƙofar gida. Ga masu baiwa ga masu sani, babu wanda ya haɗa su zama ɗaya. Kuma ranar da ɗaya daga cikin yaran nan zai ce shi da kansa zai shiga jirgin da ya ƙera, rashin wannan zama rai zai ci.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Da muka gwada akwatin a mazauninsa, santimita 3 kawai ya rage tsakaninsa da ƙasa. Tushen kara ɗaya ya isa ya farke shi. Dole a ƙara wa ƙafafu tsawo.

Mun samo siririn ƙarfe mai tsauri daga tsohuwar kujerar mota, muka kai wa wani dattijon maƙeri. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ko za ku ɗan gasa shi ya yi sauƙin lanƙwasawa?" Tsohon ya juya ƙarfen a hannu, ya tanƙwara ya saki, ya ce, "Wannan in ya ga wuta ya mutu. Ba zai sake dawowa ba." A sanyi ya lanƙwasa shi a kan uwar maƙera, ƙafa biyu kamar an zana. Abin da ya faɗa shi ne abin da ke cikin littattafanmu game da ƙarfen sifirin. Ba mamaki. Masu tarihi suna cewa maƙerin da ya je Dala neman tama, wanda ake kira Kano, daga wannan ƙasa tamu ta Gaya ya fito. Yanzu tazarar ta zama santimita 8.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ba a ɗaure kaya a jikin soso. Mun yanka faranti na filawud, muka haɗa shi da katakon da ke riƙe fiffike, muka rataya akwatin a jikinsa da noti biyu masu roba a ciki, waɗanda girgiza ba ta kwance su. Ta haka nauyin kayan yana bi ta katako kai tsaye zuwa ƙashin fiffike.

Sai gwajin da na fi damuwa da shi. Jirgi a sama ba nauyinsa kaɗai fiffike ke ɗauka ba. In ya karkata digiri 60 yana juyawa, nauyin ya ninka biyu. In an fizgo shi daga gangara, ko iska ta doke shi daga ƙasa, ya wuce haka. Muka kifa jirgin, cikinsa na kallon sama, muka tallafi jikinsa a kan benci biyu, muka fara jera ledojin ruwa a kan fukafukan, mafi yawa kusa da jiki, kaɗan wajen baki. Kowace leda rabin kilo ce, mun auna su tukuna. Ninki uku na nauyin jirgin muke nema, wajen kilo 10. Muna kusa da kaiwa sai muka ji ƙas a tsakiya, inda ƙasusuwan fiffiken biyu suka haɗu. Auta ya kai hannu zai kwashe, na ce ya bi a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Gam ne ya saki. Da kilo 2.4 wannan mahaɗa ta yi ta yawo lafiya. Da kaya, wata safiya a sama za ta buɗe. Muka yi mata ɗauri da filawud gaba da baya, muka naɗe da zare mai gam, muka bar ta ta kwana.

Kafin mu tashi muka yi wa akwatin bango biyu na soso a ciki, tsakiyarsu daidai ƙarƙashin cibiya, don kada kaya su zame. Na gaya masa abin da ya faru a Bagram ta Afganistan ranar 29 ga Afrilu, 2013. Boeing 747 na dakon kaya ya tashi da motocin soja masu sulke. Ɗauri ya tsinke, mota ta gangara baya ta fasa kayan sarrafa jela, hanci ya miƙe sama, jirgin ya faɗo. Mutum bakwai ne a ciki, babu wanda ya fita. Allah ya kiyaye. Duk abin da zai shiga gorar nan sai an cusa masa tsumma har ya daina motsi.

Talata, 4 ga Nuwamba

An sake jera ledojin, an kai kilo 10. Bakin fiffike ya sunkuya, aka kwashe ya koma yadda yake, babu ƙara.

Hazo ya fara sauka, iska kuma ta wuni tana kaɗawa, ba zancen tashi. Muka yi maganar hukuma. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi marar matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A halin da ƙasa ke ciki, babu mai hankalin da zai ce wannan ba shi da dalili. Fatana dai a buɗe wa ɗalibai da masu koyo wata ƙofa mai sauƙi, ta hannun makarantunsu. Da yamma na je na gaida mai gari, na yi masa bayanin gwajin da za mu yi a gonar gidanmu, ƙasa-ƙasa, nesa da gidaje. Haura fadama da kaya kuwa, na faɗa wa Auta a gaban mahaifinsa, babu shi sai da takarda a hannu.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Bayan asuba iska ta kwanta. Mun share layi a gona, muka tumɓuke tushen kara, muka mayar da yara bayan kuka, aka sa babbansu ya tsare su.

Da akwatin babu komai aka fara. Wannan ƙa'ida ce: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, don in matsala ta fito a san mai ita. Ya tashi lafiya, sai dai Auta ya ce yana neman wuta fiye da da. Da ya miƙe sai na ga hanci yana ɗan lilo hagu da dama. Na san dalili. Akwatin ya ƙara wa jirgin gefe a gaban cibiya, tsayayyen farantin jela bai isa ya rinjaye shi ba. Irin wannan ne ke sa a ƙara wa jiragen da ke sauka a ruwa wani faranti a jela. Ya sauka, muka yanka soso mai faɗin tafin hannu muka manna a ƙarƙashin jelar, muka sake tallafa shi a yatsa, muka matsar da batir gaba kaɗan. Lilon ya tafi.

Sannan yashi a ƙulle, gram 200, sai 400, sai 500. Kafin ya ɗora na ƙarshe na tuna masa lissafin da muka yi: da can jirgin yana riƙe kansa har gudu ya sauko wajen kilomita 29 a awa, yanzu ƙasa da 33 iska za ta suɓuce masa. Kada ya ja hanci da wuri, kada ya juya da kaifi, ya zo sauka da sauran wuta. Ya ce, "To, Baffa." Hannunsa na rawa kaɗan, na ga ya yi bisimilla.

Da can taku tara zuwa goma yake ci ya bar ƙasa. Yau ya ci wajen goma sha biyar, ya ɗaga a hankali, ya hau. Ya zagaya gonar da faɗi, fukafukan ba su ko motsa ba. Wajen sauka ya zo da ɗan gudu, ƙafafun maƙerin suka lotsa suka dawo, gorar ba ta taɓa ƙasa ba. Yaran suka ɓarke da ihu. Auta bai ko waiwaye su ba. Durƙusawa ya yi ya buɗe akwatin ya duba ko yashin ya motsa, ya taɓa injin ya ji zafinsa, ya ciro littafi.

Gram 600 ɗin da ya so, na ce a bar shi. Da 500 ma hawan ya yi nauyi, kuma safiyar Nuwamba ce mai sanyi. A watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, iskar ƙasar Kano takan yi sirara da kusan kashi 14 cikin 100 in aka gwada da ta bakin teku a ma'aunin littafi. Fiffike da farfela duka sai su rasa abin kamawa.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Ya rubuta a jikin akwatin da jan fenti: gram 500, kada a wuce. A littafi kuma: jirgi da akwati kilo 2.6, cike 3.1, cibiya santimita 9. Batirin da yake ba shi minti 14 yanzu 10 yake bayarwa, in za a sauka da kashi ɗaya cikin biyar a ajiye, kuma dole a ajiye, don irin wannan batir in aka tatse shi lalacewa yake yi.

Minti 10 sun ishi fadama zuwa da dawowa. Abin da bai isa ba ido ne. Jirgi mai mita 2, in ya yi nisan rabin kilomita, da ƙyar za ka gane ko zuwa yake ko tafiya, balle ka saukar da shi tsakanin bishiyoyi a hayi. Auta ya riga ni zuwa nan. Ya nuna mini zanen da ya yi daren jiya: ƙofa a ƙasan gorar, da ɗan sakata da rimot zai ja, da lema ta leda. Ya ce tunda kayan suna ƙarƙashin cibiya, in sun fita jirgin ba zai rinjaya ko'ina ba, sauƙi kawai zai ji. Na duba zanen, na ce ya auna nauyin sakatar da abin jan ta kafin ya yanka komai, ya cire shi daga gram 500 ɗin.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu za mu Wudil da littafin da jirgin, mu nemi wani malami a sashen injiniya ya duba lissafinmu, mu kuma ji ko za a iya neman izinin ta hannun jami'a. Mahaifinsa ya ce shi zai biya kuɗin mota.